Kyautar da ta dace da maharbi

Sharhinmu na yau a kan kwari da baka ne. Zan fara da wata al'ada ta mutanen nesa, sannan in dawo da maganar gida, don a gida take da nauyi.

A Amurka akwai mutanen da suka ɗauki harbi da bakan gargajiya abin so. Cikinsu akwai manoma da malaman makaranta da direbobi da tsofaffin sojoji. Babu wanda talauci ya tura ga baka a cikinsu, sha'awa ce tsantsa. Sukan haɗu a bayan gari, su kafa tantuna kwana uku ko huɗu, su yini suna harbi, suna kuma koya wa juna sassaƙa. A jihar Oklahoma akwai irin wannan taro duk watan Maris, inda mutum kan je hannu rabbana ya koma gida da bakan da ya sassaƙa da kansa, tsofaffin hannu na tsaye a kansa suna gyara masa. Abin da ya fi jan hankalina a irin waɗannan taruka shi ne teburin da akan ajiye a gefe. Masu sana'ar sukan zo da bakunkunan da suka yi wata da watanni suna fama da su, su ɗora a kan teburin, su ce ga tamu gudummawar. Wani a ba wanda ya ci gasa, wani a jefa ƙuri'a tsakanin yara, wani a yi gwanjonsa a zuba kuɗin a asusun ƙungiya, ko a kai wa ɗan'uwan da ke kwance a asibiti. Mai bakan ba ya karɓar ko kwabo.

Ita kanta sana'ar, kyauta ta shiga hannunsu. A shekarar 1911 wani mutum ya fito daga duwatsun arewacin Kalifoniya, kusa da garin Oroville, a galabaice da yunwa. Shi kaɗai ya rage a ƙabilarsa ta Yahi, cikin 'yan asalin ƙasar da baƙi suka ƙarar. Aka riƙa kiransa Ishi. Aka ba shi masauki a gidan tarihin jami'a a San Faransisko, inda ya saba da wani likita mai suna Saxton Pope. Ishi ne ya nuna wa likitan yadda ake zaɓen itace, da yadda ake sassaƙa baka, da yadda ake sanɗar dabba a daji. Tarin fuka ya kashe shi a 1916. A 1923 Pope ya fitar da littafi kan farauta da kwari da baka, littafin da ya tayar da sha'awar abin a ƙasar baki ɗaya. Ku duba fa: mutumin da aka raba da danginsa da ƙasarsa, shi ya buɗe hannu ya koyar. Daga baya masana'antu suka shigo da bakan roba da na ƙarfe, a 1969 kuma wani mutumin Missouri mai suna Holless Wilbur Allen ya samu rajistar bakan nan mai ƙananan tayoyi a kai da gindi, wanda ke rage wa maharbi nauyin ja. Bakan itace ya kusa ɓacewa. 'Yan tsirarun da suka ƙi sakinsa su suka farfaɗo da shi, kuma da koyarwa da kyauta suka yi, ba da talla ba.

To, bari in tsaya in gaya muku abin da mutum yake bayarwa in ya ba da baka, don mai kallo daga nesa sanda kawai yake gani da igiya.

Aikin yakan fara ne shekara guda ko fiye kafin a taɓa wuƙa. Mai sassaƙa zai shiga daji ya nemi itace miƙaƙƙe, marar ƙulli, marar murɗiya. Su can sun fi son wani itace mai launin rawaya da ake kira Osage. In ya sare, sai ya tsaga shi gida-gida a tsaye, ya shafe bakin kowane tsagi da manne ko kakin zuma don kada ya dare, ya jingine a inuwa. Sai haƙuri. Ɗanyen itace in an ja shi yakan lanƙwashe ya ƙi komawa, wanda ya bushe da gaggawa kuwa tsagewa yake. In lokaci ya yi, sai ya sauke tsagi ɗaya, ya ɓare ɓawon, ya bi bayan itacen a hankali har ya tsaya kan zobe ɗaya daga cikin zobban nan da itace ke ƙarawa duk shekara. Dole ya bi wannan zobe tun daga kai har gindi ba tare da wuƙa ta ratsa shi ba, domin duk inda ta ratsa, nan bakan zai karye wata rana.

Daga nan sai aikin ciki, wato ɓangaren da ke fuskantar maharbi, kuma nan ne ake gane gwani. Zai rataye bakan a bango, ya ɗaura igiya, ya ja kaɗan, ya koma baya taku uku ya ƙura ido. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tauri. Ga wani wuri kamar tsawon yatsa da ya ƙi lanƙwasa, maƙwabcinsa kuma yana neman ya lanƙwasa fiye da kima. Sai ya ɗauki fensir ya yi alama, ya sauke bakan ya ɗora a cinya, ya kankare wurin mai tauri sau goma ko sha biyar, abin da ke zuba bai fi dusa ba. Ya sake ratayewa, ya ja sau ashirin don itacen ya saba, ya sake komawa baya ya duba. Haka zai yi ta yi, yau da gobe. Abin da aka kankare ba ya komawa. In ya yi gaggawa, bakan da aka nufa na babban mutum sai ya koma na yaro. Wani lokaci kuma, bayan duk wannan wahala, ana kan ja na ƙarshe sai ka ji ƙas, aikin shekara ya rabu biyu. Wanda ya tsira, shi ake gogewa a shafa masa mai, a naɗa fata a mariƙi, a murza tsirkiya. A ƙarshe mai shi ya rubuta da tawada a jikinsa: nauyin ja kamar kilo 20, a tsawon ja inci 28. Ku riƙe wannan rubutu, zan dawo kansa.

Wannan shi ne abin da mutum ke ɗorawa a tebur ya ce a ba wani. Ni a ganina babu kyautar da ta dace da gasar harbi kamarsa. Kofi yakan ƙare a saman kabad yana shan ƙura. Kuɗi kafin sati sun shiga cefane. Baka kuwa gobe da safe za a fita da shi fili, ƙanen mai shi zai bi shi yana tsinto masa kibau, kafin shekara ta zagayo gidan ya samu maharbi na biyu.

Kuma ba sai mun je Amurka ba kafin mu san ƙarfin kyautar da hannu ya ƙera. Ku dubi kokowa a Nijar. Tun 1975 da aka fara gasar ƙasa a Tawa, ana ba zakara kuɗi da sauran kaya, amma babu mai tambayar nawa ya samu. Tambayar da ake yi daga Maraɗi zuwa Damagaram zuwa Doso ita ce, wa ya ɗauki takobi bana? Takobin ne ya ba gasar suna. A Ingila ma, a yankin Yorkshire, akwai gasar da ake yi tun 1673 a kan wata kibiyar azurfa ta garin Scorton, kuma wanda ya ci shi ake ɗora wa nauyin shirya gasar baɗi. Sun haɗa kyauta da ɗawainiya, dabarar da ta raya abin fiye da shekara 350.

Yanzu mu dawo gida. Mu ba baƙin baka ba ne. A watan Yuni na 1804, a Tabkin Kwatto, Sarkin Gobir Yunfa ya fito da mahaya dawakai masu lifidi, jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuwa, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, dawakansu 'yan kaɗan ne. 'Yan baka ne suka tsaya suka juya yaƙin. Har gobe akwai sarautar Sarkin Baka a garuruwanmu da dama. Kwari da baka ɗaya kuma, in ka lura, yakan ratsa hannun masu sana'a da yawa kafin ya kai kafaɗar maharbi. Akwai mai sassaƙa, wanda ya san itacen da yankinsu ya aminta da shi, ko gora ko dargaza ko ɗunɗu. Akwai maƙerin da zai bugo kan kibiya ya fitar mata da kunne. Akwai mai yankan kyauro a fadama, ya gasa shi a wuta ya miƙar. Akwai badukun da zai ɗinka kwari, da mai murza tsirkiya daga fata. Kibiyarmu ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin ta Turawa, nauyin ƙarfen da ke kanta shi ke riƙe mata hanya, kuma sanin yadda ake daidaita wannan nauyi da tsawon kyauro ilimi ne da ba a rubuta a ko'ina ba. Yana kan tsofaffi ne kawai.

Ina waɗannan tsofaffi suke yau, kuma wa ke zaune a gabansu? Ku shiga rumfunan da ake sayar da kayan gargajiya a manyan biranenmu. Za ku ga bakunkuna an yi musu ado da jar fata da tuntaye, gwanin kyau. Ku roƙi mai rumfa ya bari ku ja ɗaya. Yawancinsu ba a yi su don a ja ba, an yi su ne don bangon falo. Mai sassaƙa ya ga abin da kasuwa ke so, ya daina ɓata lokacinsa wajen daidaita lanƙwasa, tunda mai saye ba zai taɓa ɗana kibiya ba. Ta haka sana'a ke mutuwa alhali kayanta na nan a kasuwa. Ban ga laifin mai sassaƙa ba. Laifin namu ne da muka daina tambayarsa bakan gaske.

Filin kuwa muna da shi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934, ba su kaɗai ake yi a Matan Fada ba, akwai kokowa da dambe da wasannin ruwa, akwai kuma harbin baka. Mai babban kifi yakan tashi da mota da kuɗi da kujerar Makka, Allah ya sa albarka, babu mai ƙyashi. Amma a wasanninmu na gargajiya gaba ɗaya, daga na unguwa har na jiha, kyaututtukan da muka saba bayarwa su ne babur da keken ɗinki da turmin atamfa da agogon bango. Duk kaya ne da aka ƙera a wata ƙasa. Mu tara jama'a da sunan raya al'ada, kuɗin kyautar kuma su tafi masana'antar da ba ta san da zamanmu ba, mai sana'ar gargajiyar yana tsaye cikin 'yan kallo, rana na dukansa. Wannan abu yana ci mini rai.

Wani zai ce, to ya matsayin gasa da kyauta a addini? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. Harbi dai kowa ya san darajarsa a tarihin Musulunci, daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas zuwa maharba 50 da aka tsayar kan dutse ranar Uhudu ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubairu. Hadisi ya keɓe abu uku da aka yarda a sa kyauta a gasarsu: harbi, da tseren raƙuma, da tseren dawakai. A babin ƙarshe na Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya kawo ra'ayin Imamu Malik kan yadda za a yi. Mutum ɗaya ne zai fitar da kyautar. In wani ya ci, ya ɗauka. In shi mai kyautar ne ya ci, ba za ta koma gidansa ba, sai ta wuce ga wanda ke biye da shi. In kuwa su biyu ne kacal a gasar kuma mai kyautar ya yi nasara, waɗanda suka halarta su za su amfana da ita. Ku ji hikima: abin da ya fita hannunka don gasa ya fita ke nan. Mai sassaƙan da ya ɗora bakansa a tebur ya juya baya, a kan wannan layi yake, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai ma ruwaya a littafin Abu Dawuda da ta haɗa mai ƙera kibiya don neman lada da mai harba ta da mai miƙa ta cikin sakamako ɗaya.

Sai dai a nan akwai inda ba za mu bi mutanen Amurka ba. Sau da yawa sukan sayar da tikiti, kowa ya saya, a zuba a kwali a zaro ɗaya, mai rabo ya ɗauki baka, sauran sun yi asarar kuɗinsu. Wannan shi ne abin da 'yan'uwanmu na Nijar ke kira tambola, kuma malamanmu caca suke kiransa, ko da kuɗin aikin alheri za a yi da su. Ba ma buƙatarsa. A sa baka ga wanda ya fi iya harbi, ko a jefa ƙuri'a tsakanin yara ba tare da an karɓi sisin kowa ba, ko a yi gwanjo a fili mai saye ya biya ya ɗauki kayansa. Hanyoyi uku ke nan masu tsabta, sun ishe mu.

Akwai kuma inda halinmu da nasu ya bambanta, kuma nan ne nake so masu hali su buɗe kunne. Ba'amurken da ya ba da baka kyauta yana da albashinsa ko fanshonsa, sassaƙa abin hutunsa ce. Namu mai sassaƙan, da wannan hannu yake ciyar da iyali. In shugabannin ƙungiya suka je gidansa suka ce, Baba, a taimaka mana da baka uku za mu yi gasa, kunya ba za ta bar shi ya ce a'a ba. Zai bayar. Za a kira sunansa a lasifika, a yi masa tafi, a ce Allah ya saka da alheri. Baɗi a sake dawowa. Shekara ta uku in ya hango su tafe sai ya sa a ce ba ya nan. Addu'a abu ce mai girma, amma ba ita za ta biya baduku da maƙeri ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici, kuma tukuicin da ya dace da mai sana'a shi ne ciniki. In ya ba da ɗaya don Allah, ƙungiya ta sayi uku a kan farashinsu na gaskiya, ba tare da an tsaya ana taya masa kamar tumatirin yamma ba. Attajirin da zai iya sa babur a gasa, kuɗin babur ɗin nan zai sayi kwari da baka na yara masu yawa, ya kuma ba masu sana'a huɗu ko biyar aikin rani guda. Sunansa ya fito a matsayin mai bayarwa, sunan mai sassaƙa kuma ya fito a jikin bakan. Wannan na biyun kada a yi wasa da shi. A ƙona shi da wuta ko a rubuta da tawada, sunan mutumin da garinsu da shekarar. Wanda ya ga bakan ya yaba, ya san ƙofar da zai je ya ƙwanƙwasa.

Sai maganar wa za a ba. Mun saba kyauta mafi tsoka ta tafi ga na ɗaya. Amma zakaran harbi ai yana da bakansa, wanda hannunsa ya saba da shi shekara da shekaru, ba kuma zai sake shi don an ba shi sabo ba. Na kyautar zai rataye ne. Wanda baka zai canza wa rayuwa shi ne yaron nan da ke tsaye bayan igiya tun safe, wanda in an harba shi ke rugawa ya tsinto kibau don kawai a bar shi ya taɓa su. Saboda haka a girmama zakara da baka ɗaya na musamman, wanda zai riƙe shekara guda ya dawo da shi fili ya kare, sauran kuwa a karkatar da su ga masu tasowa, maza da mata.

Wanda ke shakkar abin da kayan aiki ke yi wa mai sha'awa, ya tuna maƙwabcinmu na Chadi, Israel Madaye. A da mai gyaran wutar lantarki ne, ya koyi harbi cikin ƙarancin kaya, har a maƙabarta ya riƙa atisaye don rashin fili. Da haka ya kai gasar Olamfik ta Paris a 2024, ya tsaya gaban Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu, mutumin da ya bar gasar da zinare uku. Madaye ya sha kaye, har wata kibiyarsa maki 1 kacal ta ci. Mutanen Koriya, da suka san wahalar abin, ba su raina shi ba. Sun yi ta aika masa saƙon ƙarfafa gwiwa, wani kamfaninsu mai ƙera kayan harbi kuma ya ɗauki nauyin ba shi kaya. Na ji daɗin wannan karamci. Amma yana da shekara 36 lokacin. Da tun yana ɗan sha biyu wani ya miƙa masa baka ya tsaya a bayansa, Allah kaɗai ya san inda zai kai. Irinsa nawa ne ke yawo yau a ƙauyukanmu da danƙo a wuya suna harbin kurciya?

Na ce ku riƙe rubutun nan na jikin baka. Ga dalili. Bakan itace ana yin sa ne daidai da ƙarfin mutum da tsawon hannunsa. Ka ba yaro bakan ƙato, zai yi ta kokawa da shi har kafaɗarsa ta yi ciwo ya tsani harbin. Ka ba dogon mutum bakan da aka yi wa gajere, zai ja ya wuce iyaka ya karya shi a rana ɗaya. Don haka kada a miƙa baka daga kan mumbari a ɗauki hoto a watse. A kira mai sassaƙan, shi zai miƙa da hannunsa. Ya sa yaron ya tsaya, ya auna hannunsa, ya zaɓa masa wanda ya yi daidai. Ya nuna masa yadda ake ɗame tsirkiya da yadda ake sassauta ta in an gama, don baka ba ya kwana a ɗame. Ya gaya masa kada ya kuskura ya ja ya saki babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar cikin itacen zai koma ya tsaga shi. Kada ya bar shi a rana, kada ya jingine shi a tsaye a lungu ya lanƙwashe, kada ya ara wa wanda ya fi shi tsawon hannu. Ya shafa masa mai lokacin hunturu. Maganar minti goma ce, amma a cikinta yaro ya san tsoho, tsoho ya san yaro. In tsirkiya ta tsinke yaron ya san gidan da zai je, in ya je sau biyu sau uku wata rana za a miƙa masa wuƙa a ce kankare nan.

Na san abin da ke ran wasunku tun ɗazu. A wannan zamani na rashin tsaro da faɗan daba, shi ne za a ce a raba wa yara makami? Ban raina wannan tsoro ba, duk mai ɗa ya san shi. Amma mu faɗi gaskiya, masu addabar ƙauyukanmu ba da baka suke zuwa ba, da manyan bindigogi suke zuwa a kan babura. A Nuwamban 2014 kuwa, lokacin da aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, maharba da 'yan sa-kai na cikin waɗanda suka shiga gaba, wasunsu da bindigar toka, wasu da kwari da baka. Yaron da ke zuwa fili ƙarƙashin babba, aka koya masa ba a ɗana kibiya in akwai mutum a gaba, ba a zuwa tsinto kibau sai kowa ya sauke baka, ya fi zama lafiya a kan wanda ba kowa a kansa. Sharuɗɗan a bayyane suke. Kibiyar gasa ba ta da kunne, ba a kuma kusantar da ita ga dafi, maganar dafin kwankwani ta tsaya a tarihi. A yi fili a bayan gari, da tudu ko bango a bayan abin bara. A rubuta sunan duk wanda aka ba baka, da sanin mahaifinsa da mai unguwa da Sarkin Baka. Wanda aka gani da shi a kasuwa ko wurin faɗa, a karɓe.

Kirana na farko ga sarakunanmu ne, Allah ya ja zamaninku: a sa sarakunan baka su ƙirgo masu sassaƙa bakan gaske da suka rage a ƙasarku, da sunayensu da garuruwansu, tun suna raye. Masu shirya bukukuwan al'ada, daga Argungu har wasannin sallah na ƙananan hukumomi, ku ware wani kaso na kuɗin kyauta ku sayi kwari da baka daga hannun waɗannan mutane. Shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya, baka biyar da tarin buhunan ƙaiƙayi sun isa a fara. Ku kuma iyayenmu masu sana'ar, in an zo an biya ku haƙƙinku, ku yi na gaske wanda za a ja, ku ɗora ɗaya a kai don yaron da ba shi da mai saya masa, kuma duk itacen da kuka sara ku sa a dasa wani.

Masu hali, kada ku jira sai saura sati biyu gasa ku aika yaro kasuwa ya kwaso na bangon falo. Itacen baka sai ya sha iska wata da watanni kafin a sa masa wuƙa. Wanda ke son ya ba da baka a bikin baɗi, a wannan ranin zai je ya sami mai sassaƙa, ya ba shi kafin alƙalami.